Shafi na Sittin da Uku

Ruwan Yuni na dukan kwanon ofis a Akoka,
janareta na tari a bayan taga.
Ni da shayin da ya huce,
da wasiƙar da ba ta da sa hannu
sai lambar waya a ƙasa.

Ta ce: Edita, duba shafi na sittin da uku.
An ce kifi ɗari biyu aka auna daga gaɓar Epe.
Ni na wanke kwalaben.
Goma sha tara ne.

Na duba.
Lambobi sun jeru kamar haƙoran roba,
farare tas, babu giɓi.
Ruwan Legas bai taɓa yin ladabi haka ba:
yau gishiri, gobe laka, jibi baƙin mai.
Amma a jadawalin nan Talata ta haifi Laraba,
Laraba ta haifi Alhamis,
duk kamarsu ɗaya har ɗigo.

Sunan da ke saman maƙalar
shi ne ya tsaya mini a maƙogwaro.
Farfesa Zubairu Gwaram.
Shi ya tarbe ni a tashar Iddo
ina rungume da jakar leda,
ya ba ni katifa a Idi-Araba wata bakwai.
Shi ya ce mini, ranar da gwajina ya ƙi,
"Lawwali, sifili ma sakamako ne. Rubuta shi."

Na kira lambar. Murya ƙasa-ƙasa,
bayanta hayaniyar kwandasta.
"Morenike nake. Kada ka rubuta.
Duk wata shida ake sabunta mini aiki."
Ban rubuta ba.

Na ɗauki fayil na haye bene
na ajiye a teburin Dakta Nkiruka,
don hannun da ya ci tuwon mutum
ba ya riƙe masa ma'auni.
Ita ta nemi littafin ɗakin gwaji.
Aka ce ambaliya ta ci.
Ta nemi rasit ɗin mai kwalekwale.
Aka kawo na kwana biyu,
maƙala kuwa ta ce wata uku.
Ta ba shi mako huɗu ya yi bayani,
ta ƙara masa biyu.

Daren na ƙarshe ya kira ni.
Bai yi faɗa ba; da ya yi, da na ji sauƙi.
Ya ce kuɗin tallafi sun ƙare a tsakiyar ruwa,
masu kuɗin na jiran rahoto,
kuma ya san amsar, wallahi ya san ta,
shekara talatin yana shaƙar warin wannan ruwa.
Na ce, Malam, wataƙila ka sani.
Amma mai ƙyafa kifi a Epe
da ke ba jikanta romo da safe
ba saninka aka sayar mata ba,
awo aka ce an yi.

Layi biyar ne sanarwar.
Na goge "ƙarya", na goge "kuskure",
na bar abin da muka iya tabbatarwa:
an janye maƙalar,
bayanan ba su da tushen da za a nuna.
Jan hatimi ya kwanta a kan kowane shafi.
Ɗalibai uku da suka yi gini a kanta
za su koma haƙa harsashi.

A kan doguwar gada, cikin danfo,
na leƙa ruwan. Bai ce komai ba.
Har yanzu ba a auna shi ba.

Ran Juma'a sahu ya haɗa mu,
kafaɗa da kafaɗa, babu wanda ya zaɓa.
Liman ya sallame.
Malam ya juya fuskarsa dama
kamar kowa,
ni ne a damansa.